Yadda Ake Ciro Hoto Daga Rumbun Bayanai Da Sikirif, Ko Da Waya Kaɗai Gare Ka

Duk wanda ya taɓa cike fom a shafin makaranta ko na neman aiki ya san matakin da ake cewa ya loda fasfo. Ka zaɓi hoto, ka danna maɓalli, bayan kwana biyu ka koma shafin sai ka tarar da fuskarka a kusurwa tana jiranka. Hoton nan wani wuri ya shiga, kuma akwai wani ɗan rubutun umarni da ke zuwa ya ɗauko shi duk lokacin da aka nema. Irin wannan rubutu shi ake kira sikirif. A yau za mu ga yadda yake ciro hoto daga rumbun bayanai, da dalilin da ya sa masu koyon haɗa manhaja da shafuka kan maƙale a daidai wannan gaɓa: sun adana hoto lafiya lau, amma da suka zo fito da shi sai suka ga ɗan akwati fanko, ko allo cike da haruffa marasa kan gado.

Abu na farko da za ka sa a ranka shi ne, rumbun bayanai bai san hoto ba. Jerin lambobi kawai yake gani. Kowane fayil a wayarka, hoto ne ko waƙa ko bidiyo, tarin bayit ne a jere, kuma kowane bayit lamba ce daga 0 zuwa 255. Rubutu ma haka yake, sai dai shi yana da ƙa'idar da ke cewa wannan lamba harafin kaza ce, waccan harafin kaza. Bayit ɗin hoto ba su bin wannan ƙa'ida. Shi ya sa rumbunan bayanai suka ware musu gurbi na daban mai suna BLOB, wanda aikinsa shi ne ya karɓi bayit yadda suke, ya mayar yadda suke, ba tare da ya yi ƙoƙarin karanta su ba. A PostgreSQL sunan gurbin bytea, amma manufar ɗaya ce.

Kusan duk matsalar da za ka gamu da ita a wannan aiki daga wuri guda take fitowa: a wani mataki na hanya, an ɗauki bayit ɗin hoto a matsayin rubutu.

Wayarka ma tana yin haka

Ba sai ka je wata uwar garke mai nisa ba kafin ka ga misali. Kowace wayar Android da iPhone tana ɗauke da SQLite, wani ƙaramin rumbun bayanai da D. Richard Hipp ya fitar a 2000, wanda komai nasa ke zama cikin fayil guda. Sunaye da lambobin mutanen da ka adana a Android a cikinsa suke. Ƙaramin hoton da ka liƙa wa wani suna yana zaune ne a matsayin BLOB a wani gurbi mai suna data15, shi kuwa babban hoton, wanda ke cika allo idan an kira ka, ana ajiye shi daban a matsayin fayil, rumbun ya riƙe lambarsa kawai. Ka riƙe wannan rabo da Android ta yi, ƙarami a ciki, babba a waje, domin za mu dawo kansa.

Gwaji a kan waya

Ba ka buƙatar kwamfuta. Ka sauke Pydroid 3 daga Play Store, ko Termux daga F-Droid. Idan Termux ka ɗauka, ka rubuta pkg install python, sannan termux-setup-storage domin ta samu izinin shiga ma'ajiyar wayar. Python na zuwa da SQLite a jikinsa, ba sai ka ƙara komai ba. Ka sa wani hoto mai suna fasfo.jpg a folda ɗaya da sikirif ɗinka, sai mu fara da zuba shi a rumbu don mu samu abin cirowa:

```
import sqlite3

rumbu = sqlite3.connect("dalibai.db")
rumbu.execute("CREATE TABLE IF NOT EXISTS hotuna (lamba INTEGER PRIMARY KEY, iri TEXT, hoto BLOB)")

with open("fasfo.jpg", "rb") as f:
    bayanai = f.read()

rumbu.execute("INSERT INTO hotuna (iri, hoto) VALUES (?, ?)", ("image/jpeg", bayanai))
rumbu.commit()
```

Ka lura mun adana abu biyu: hoton kansa, da kuma irinsa. Wannan gurbi na biyu zai yi mana rana nan gaba. Yanzu ga cirowa:

```
layi = rumbu.execute("SELECT iri, hoto FROM hotuna WHERE lamba = ?", (1,)).fetchone()

if layi is None:
    print("Babu hoto mai wannan lamba")
else:
    iri, hoto = layi
    with open("wanda_aka_ciro.jpg", "wb") as f:
        f.write(hoto)
    print(len(hoto), hoto[:3].hex())
```

Shi ke nan. Ka buɗe foldar za ka ga sabon fayil, kuma hoto ne iri ɗaya sak da na farko, bayit bayan bayit. Sirrin duka yana cikin harafin b ɗin nan da ke cikin "rb" da "wb". Shi ne ke gaya wa Python cewa ya buɗe fayil ɗin a matsayin bayit zalla. Idan ka cire shi wajen rubutawa, Python zai ƙi, ya ce maka rubutu yake jira. A nan ne mai gaggawa kan yi ɓarna: don ya kashe bakin kuskuren, sai ya juya hoton zuwa rubutu da str, ko ya yi amfani da decode ya kuma ce a yi watsi da duk abin da bai karantu ba. Kuskuren zai ɓace, amma hoton ya tafi da shi. Bayit na farko a kowane JPEG shi ne 255, kuma wannan lamba ba ta da gurbi ko ɗaya a tsarin rubutu na UTF-8, don haka tun daga bakin ƙofa an fara zubar da kayan. Abin da aka zubar ta wannan hanya ba ya dawowa. In a wajen adanawa aka yi wannan aika-aika, babu sikirif ɗin da zai gyara maka a wajen cirowa, sai dai a nemi mai hoton ya sake turowa.

Layin ƙarshe na sikirif ɗin kuma kayan bincike ne, kuma a ganina shi ne abin da ya fi dacewa ka saba da shi. Yana nuna maka yawan bayit da aka ciro, da guda uku na farko. Kowane irin hoto yana da hatimi a farkonsa. JPEG na farawa da ff d8 ff, ya ƙare da ff d9. PNG na farawa da 89 50 4e 47 0d 0a 1a 0a. GIF na farawa da haruffan GIF87a ko GIF89a, WebP kuma da RIFF. Idan hoto ya ƙi buɗewa, kafin ka soma zargin rumbu ko burauza, duba farkonsa. In hatimin na nan, sai ka gwada yawan bayit da girman fayil ɗin asali. Waɗannan abubuwa biyu kan nuna maka inda gizo ke saƙar.

Hatimin PNG ɗin ma da gangan aka tsara shi haka. Lambobin 0d 0a da 0a su ne alamomin ƙarshen layi a rubutu, waɗanda tsofaffin hanyoyin tura fayil kan sauya tsakanin Windows da Unix idan sun zaci rubutu suke ɗauke da shi. Waɗanda suka ƙirƙiri PNG a tsakiyar shekarun 1990 sun dasa su a farkon fayil ne domin idan wata manhaja ta taɓa su, a gane nan take cewa an lalata hoton a hanya. Wato matsalar da kake fama da ita a yau ta girmi wayar da ke hannunka da shekaru masu yawa.

Idan shafin intanet ne

Rubuta hoto a fayil abu ne mai sauƙi. Inda aka fi shan wahala shi ne nuna shi a shafi, kuma yawancin masu koyo a nan da PHP da MySQL suke aiki, saboda su ne ake samu a masaukan shafuka masu rahusa.

Mutane da yawa kan ɗauko bayit ɗin su watsa su a tsakiyar shafi, suna tsammanin hoto zai bayyana. Ba haka burauza ke aiki ba. Idan ta buɗe shafi ta ga alamar hoto, sai ta sake komawa uwar garke da wata buƙata daban, ta ce a ba ta abin da ke wannan adireshi. Don haka sikirif biyu ake yi. Na farko shi ne shafin, wanda a cikinsa za ka rubuta:

```
<img src="hoto.php?lamba=7" alt="Fasfon ɗalibi">
```

Na biyu shi ne hoto.php, wanda ba shi da wani aiki sai miƙa hoto guda:

```
<?php
require "hadi.php";

$tambaya = $db->prepare("SELECT iri, hoto FROM hotuna WHERE lamba = ?");
$tambaya->execute([(int) $_GET["lamba"]]);
$layi = $tambaya->fetch(PDO::FETCH_ASSOC);

if (!$layi) {
    http_response_code(404);
    exit;
}

header("Content-Type: " . $layi["iri"]);
header("Content-Length: " . strlen($layi["hoto"]));
echo $layi["hoto"];
exit;
```

Fayil ɗin hadi.php shi ke buɗe hanya zuwa rumbun. Layin Content-Type kuwa shi ne takardar shaidar da ke tafiya gaban kaya, yana gaya wa burauza cewa abin da ke tafe hoton JPEG ne. Idan ba ka sa shi ba, PHP zai ce mata shafin rubutu ne, domin haka aka saita shi tun asali, kuma in ka buɗe adireshin kai tsaye za ka ga burauza na ƙoƙarin karanta hoto kamar wasiƙa. Daga nan haruffan nan marasa ma'ana ke fitowa. Ga amfanin gurbin da muka adana irin hoto a ciki: ba sai mun yi canki-canki tsakanin JPEG da PNG ba.

Akwai wani tarko a nan da ke cinye wa mutane yini guda. Ka yi komai daidai, amma hoton ya ƙi fitowa. Dalili? Wani fili ko layi fanko da ya rage kafin alamar buɗe PHP, ko bayan alamar rufewa a cikin hadi.php. PHP na tura duk abin da ke wajen alamominsa zuwa burauza yadda ya gan shi, don haka wannan fili guda ya riga hoton fita. Yanzu fayil ɗin bai fara da ff d8 ff ba, ya fara da bayit ɗin fili, burauza kuma ta ce ba ta san wannan ba. Wasu manhajojin rubutu, musamman a Windows, kan sa wasu bayit uku da ido ba ya gani a farkon fayil, ef bb bf, su ma ɓarnarsu ɗaya ce. Haka nan duk wani saƙon gargaɗi da PHP ya buga kafin hoton, yana shiga cikinsa ne ya gurɓata shi. Maganin shi ne alamar buɗe PHP ta zama abu na farko a fayil, ka bar alamar rufewa gaba ɗaya a fayilolin da PHP zalla ne, kuma ka adana su a UTF-8 marar waɗancan bayit uku. Idan kana son ganin abin da ke faruwa, cire layin Content-Type na ɗan lokaci ka buɗe adireshin. Duk wani gargaɗi da ya ɓuya zai fito a saman tarkacen.

Masu aiki da PostgreSQL su lura cewa PDO kan miƙo hoton a matsayin magudanar bayanai maimakon dunƙule guda, sai a yi amfani da fpassthru a madadin echo.

Hoton da rabinsa ya zama toka

Wani lokaci hoton zai fito, amma samansa kaɗai ke da kyau, ƙasan ya zama launin toka. Wannan alama ce ta an yanke shi, kuma galibi tun wajen adanawa. A MySQL gurbin BLOB kala huɗu ne. TINYBLOB na ɗaukar bayit 255, BLOB na ɗaukar 65,535, wato kusan kilobayit 64, MEDIUMBLOB na kaiwa megabayit 16, LONGBLOB kuma gigabayit 4. Mai koyo kan zaɓi BLOB saboda shi ne sunan da ya ji, alhali hoton da kyamarar waya ke ɗauka yakan kai megabayit da dama. Idan rumbun na kan tsattsauran tsari, kamar yadda MySQL ke zuwa tun daga 5.7, zai ƙi karɓa ya ba ka kuskure, wanda alheri ne. In kuwa an sassauta tsarin, zai karɓi abin da ya shiga ya datse sauran, ya yi ɗan gargaɗin da ba kowa ke dubawa ba. In ka ciro hoto ka ga girmansa 65,535 cif, to ka san abin da ya faru. Ka sauya gurbin zuwa MEDIUMBLOB, amma hotunan da aka riga aka datse sai an sake loda su.

Masu haɗa manhajar Android ma suna da tasu iyakar. Tagar da tsarin ke karanto layukan SQLite ta cikinta kusan megabayit 2 ce, don haka za ka iya zuba babban hoto a rumbu ba tare da matsala ba, ranar da ka zo karanta shi manhajar ta rufe kanta tana cewa layin ya yi girma.

Base64 da kuɗin data

Akwai halastacciyar hanyar mayar da hoto rubutu, ita ce Base64. Tana ɗaukar kowane bayit uku ta mayar da su haruffa huɗu na yau da kullum, kuma ana iya juyo su ba tare da asarar komai ba. Da ita ake cusa hoto cikin JSON, ko a dasa shi kai tsaye cikin shafi. Idan ka leƙa rumbu ka ga gurbin hoto ya fara da /9j/, to JPEG ne da aka juya zuwa Base64. In ya fara da iVBORw0KGgo, PNG ne. Sai ka warware shi kafin ka rubuta a fayil, in ba haka ba abin da za ka samu rubutu ne mai sunan hoto.

Sai dai tana da tsada. Girman na ƙaruwa da kashi ɗaya bisa uku, hoton kilobayit 300 ya koma 400. Abin da ya fi wannan ciwo shi ne, hoton da aka dasa cikin shafi ba shi da adireshin kansa, don haka burauza ba za ta iya ajiye shi daban ba. Duk lokacin da aka sake sauke shafin, da shi ake saukewa. Ga mai buɗe shafinka da datar da ya saya da kuɗin aljihunsa, a unguwar da sabis ke zuwa yana ɗaukewa, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ƙaramin tambari ba laifi, amma jerin fasfon ɗalibai ɗari biyu a shafi guda zalunci ne. Hanyar hoto.php ta fi, musamman in ka ƙara layin Cache-Control da ke ba burauza izinin riƙe hoton na wani lokaci. Kuma in sunaye kawai kake son jerawa, kada ka rubuta SELECT da tauraro, domin zai kwaso hotunan duka zuwa ƙwaƙwalwar uwar garke ba gaira ba dalili. Ambaci guraben da kake buƙata da sunansu.

Wa ya kamata ya ga hoton?

Ka sake duba adireshin nan: hoto.php?lamba=7. Me zai hana wani ya mayar da 7 ta zama 8, sannan 9, har ya kwashe fuskokin kowa? A sikirif ɗin da muka rubuta, babu. Ɗan shekara goma sha biyar mai Termux zai iya rubuta layi biyar da za su sauke hotuna dubu kafin ya gama shan shayi. Idan fasfo ne, ko hoton katin shaida, ko rasit ɗin biyan kuɗi, wannan amanar mutane ce ka bari a bakin titi. Dole hoto.php ya tabbatar cewa mai nema ya shiga da asusunsa, kuma yana da haƙƙin ganin wannan hoton takamaimai, kafin ya miƙa. Kulle shafin da ke nuna hoton bai wadatar ba, tunda hoton ta tasa ƙofar yake fita. A irin waɗannan hotuna ka sa kalmar private a layin Cache-Control, don kada wata na'ura a tsakiyar hanya ta ajiye kwafi.

Alamar tambayar da muka sa a umarnin SELECT ita ma kariya ce. Da mun manna abin da mai ziyara ya rubuta kai tsaye cikin umarnin, zai iya cusa nasa umarnin ya karance sauran teburan. Sannan kada ka yarda da irin fayil ɗin da burauzar mai lodawa ta faɗa, domin ana iya ƙirƙirarsa. Mutum zai iya turo shafi mai ɗauke da mugun umarni ya ce hoto ne, ko ya turo SVG, wanda shi ma yana iya ɗaukar umarni a cikinsa. Duba hatimin farkon fayil da kanka, ka karɓi JPEG da PNG da WebP kawai. Ka kuma tuna cewa hoton waya kan zo da bayanan EXIF a jikinsa, har da wurin da aka ɗauke shi in mai wayar ya kunna hakan. BLOB ba ya cire komai, don haka abin da aka zuba shi zai fito, har da inda gidan mutum yake. Rage girman hoton ka sake adana shi ba tare da waɗannan bayanai ba tun kafin ya shiga rumbu.

A rumbu ko a folda?

Wannan muhawara ta daɗe. A 2006 wasu masu bincike a Microsoft, cikinsu har da Jim Gray, sun gwada hanyoyin biyu a kan SQL Server da tsarin fayil na Windows. Sun gano cewa abin da bai kai kilobayit 256 ba ya fi dacewa da rumbu, wanda ya haura megabayit 1 ya fi dacewa da fayil, tsakanin nan kuma ya danganta da yadda ake amfani da shi. Masu SQLite ma sun yi nasu gwajin da ƙananan hotuna na kusan kilobayit 10, suka nuna cewa karanta su daga rumbu na iya fin karanta su daga fayiloli ɗai-ɗai sauri da kusan kashi 35 cikin ɗari. Manyan kamfanoni kuwa sukan gina wa hotuna gidansu daban, kamar yadda Facebook ya yi da tsarinsa mai suna Haystack.

Wannan shi ne rabon da muka gani a lambobin wayar Android. Ga mai gina ɗan shafin makaranta ko na shago, fasfo da aka rage zuwa kilobayit 30 ko 50 zai zauna a rumbu lafiya, kuma yana da fa'idar cewa in ka kwafi rumbun don ajiya, ka kwafi hotunan tare. In ka goge ɗalibi, hotonsa ya bi shi. Hotunan kaya masu girma, ko na biki da za a riƙa lodawa ɗari-ɗari, ka ajiye su a folda ko a ma'ajiyar gajimare, rumbu ya riƙe sunan fayil da irinsa da mai shi. Idan kuwa ka gaji wani rumbu da aka riga aka cika da manyan hotuna, tun daga Python 3.11 akwai umarnin blobopen a SQLite, wanda ke ba ka damar karanto hoto gutsure-gutsure kana rubutawa a fayil, maimakon ka ɗora shi gaba ɗaya a kan ƙwaƙwalwar wayarka.